Dodo, Tsafi da Ɗan'uwa: Yadda Labarin Ban Tsoro Ya Bi Hanyar Goro Zuwa Zangon Lome

Labarin da ya haɗa dodo da tsafi da soyayya, wanda a cikinsa ƙane ke bin yayarsa har gidan halaka don ya dawo da ita, ya girmi littafi a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Tushensa tatsuniya ce, wadda tsofaffin mata da amare ke yi wa yara bayan an ci tuwon dare. Al'ada ta hana yin ta da rana, kuma yaron da ya matsa sai an yi masa, to sai an fara ɗaure Gizo tukuna. Wannan dokar kaɗai ta isa ta nuna cewa duhu na cikin kayan aikin mai tatsuniya, domin abin da ake ba da labarinsa yana iya kasancewa a bayan danga yana saurare.

Dodon tatsuniya ba shi da siffa guda. Wani lokaci ƙato ne mai gashi buzu-buzu da doguwar wutsiya, wani lokaci yana zaune a ƙarƙashin ruwa yana hana mata ɗiba sai an yi masa alkawari, wani lokaci kuma saurayi ne kyakkyawa da ya shigo gari ranar kasuwa. Abin da ba ya canzawa shi ne cin mutane, da tsoron karnuka, da kuma rashin wayo, domin kusan kullum ƙaramin yaro ne ke gamawa da shi. Tare da shi akwai mayya, da aljanun da ke zaune a kuka da tsamiya da kufai, da tsohuwar bakin rafi mai neman a cuɗa mata baya, wadda ke saka wa mai ladabi da alheri, ta halaka marar kunya.

Tatsuniyoyi biyu sun fi sauran nuna ginshiƙin wannan gini. Ta farko ita ce ta budurwar da ta ƙi duk samarin garinsu, ta ce ba za ta auri kowa ba sai wanda babu tabo ko ɗaya a jikinsa. Dodo, ko maciji a wata ruwayar, ya ji labari, ya bi ya ari sassan jiki da tufafi, ya zo a matsayin baƙo marar aibi. Aka ɗaura aure, aka kama hanya. Tun a hanya ango ya fara mayar da kayan aro ga masu su, ɗaya bayan ɗaya, har suka isa wani gida a tsakiyar daji inda babu maƙwabci, babu sallama, sai ƙasusuwan waɗanda suka riga ta zuwa. Mai cetonta ba wani masoyi ba ne. Ƙanwarta ce ko ƙanenta, wanda ta kora tun a bakin gari amma ya ƙi komawa, a wasu ruwayoyin ma ya rikiɗa ya zama ƙuda ya laɓe cikin kayan amarya. Ana samun irin wannan labari a harsuna da yawa na Afirka ta Yamma, kowane da nasa gishirin.

Ta biyu ita ce ta Auta. Iyaye za su mutu, suka bar wa 'yarsu wasiyya cewa kada ta bari ƙanenta ya yi kuka. Yaron kuwa fitinanne ne na ƙarshe. Ya nemi ya ƙone rumbunan hatsi, ta hana, ya buɗe baki zai yi kuka, ta ƙyale shi. Suka bar gida da yunwa, suka shiga wani gari, ya yi wa ɗan sarki ɓarna, suka gudu suka hau bishiya. Duk wanda ya taimake su, daga ƙadangare har tsuntsun da ya ɗauke su sama, sai Auta ya saka masa da mugunta, ita kuma yayar tana biye da shi saboda maganar iyaye. A ƙarshe suka faɗa garin da Dodo ke zagayawa kowane dare, mutane na kulle ƙofa tun magariba. Auta ya gasa duwatsu har suka yi ja, ya amsa wa Dodo kirarinsa, ya jefa masa su a baki, ya yanke wutsiyar, ya bar takalminsa a wurin. Da safe sarki ya sa a nemo mai takalmi. Mai sauraro yakan tafi da sunan Auta a baki, amma wadda ta ɗauki nauyin labarin tun daga farko ita ce yayar, wadda ta rasa gida da abinci da kwanciyar hankali ba ta yar da shi ba.

Harshen kansa ya bayyana dalili. Hausa ta kira makusanci ɗan'uwa, wato ɗan uwa, ta ware kalmar 'yan ubanci ga gaba da hassada. A gidan da mata suke da yawa, waɗanda suka fito ciki ɗaya suka sha nono ɗaya su ne rundunar juna, kuma mugunta a tatsuniya ta fi fitowa daga ɗakin kishiyar uwa. Shi ya sa labarin 'yar bora da 'yar mowa yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da labarin Dodo: ɗaya dodon daji ne, ɗaya na tsakar gida. Aure kuwa a waɗannan labarai lada ne da ake bayarwa a ƙarshe, kamar yadda tarihin baka na Daura ya ce Bayajida ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri sarauniya. Ba a tsayawa bayyana yadda zuciya ta buga. Wannan ya zo ne daga baya.

Tatsuniya ta bar ƙasar Hausa a bakin fatake. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, fatu da tufafi, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Jugu ko Sansanin Mango har Salaga. Tafiyar watanni ce, ƙarƙashin madugu, kuma akwai mata a cikin ayarin masu dafa abinci da ƙananan saye da sayarwa. Inda aka sauke kaya aka kwana shi ne zango. Zangon da aka daɗe ana sauka a cikinsa sai ya zama unguwa, da masallaci da mahauta da sarkinsa, kuma daga nan sunan Zongo ya bazu a garuruwan Gana da Togo da Benin na yau. Yaƙin basasar da ya tarwatsa Salaga a 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa wasu garuruwa, ciki har da Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, da kuma garuruwan gaɓar teku.

Lome na cikin waɗanda suka amfana. Jamus ta kafa ikonta a gaɓar Togo a 1884, ta mayar da Lome babban birnin mulkinta a 1897, aka gina gadar saukar kayan jiragen ruwa a 1904, sannan aka shimfiɗa layin dogo zuwa cikin ƙasa. Hausawa 'yan kasuwa sun riga sun sauka a garin tun yana ƙarami, kuma sana'arsu ta fi ƙarfi a goro da dabbobi. Birnin na faɗaɗa, ana tura zangonsu gaba, har ya zauna a wurin da ya daɗe, wanda daga baya ya koma tsakiyar gari. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe mutanen zuwa wani fili da ke kimanin kilomita 15 arewa da birnin, a yankin Agoe, inda ake kira Agoe-Zongo a yau. Manyan gine-ginen bankuna ne suka tashi a yankin tsohon wurin. Masanin Faransa Michel Agier, wanda ya yi bincike a unguwar ya fitar da littafinsa a 1983, ya nuna yadda kasuwancin Zongo ya dogara ga maigida da yaransa da auratayya, da yadda mutanen da asalinsu ya bambanta suke narkewa cikin harshen Hausa da Musulunci. A irin wannan wuri, inda ɗan'uwa shi ne jari kuma shi ne mafaka, labarin ƙanen da ya ƙi barin yayarsa a hannun baƙo ba ya buƙatar dogon sharhi.

Wani abin lura shi ne, kaso mai tsoka na tatsuniyoyin Hausa da aka fara rubutawa an same su ne daga Hausawan da ke wajen gida. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, mafi yawansa daga bakin Dorugu, yaron da ya yi tafiya tare da Heinrich Barth har Turai. R. S. Rattray ya fitar da kundi biyu a 1913 daga rubutun ajami na Malam Shaihu, wanda ya yi masa aikin a ƙasar Gana ta yanzu. A ɓangaren Jamusawa kuma akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Karaci ya zama limaminta har rasuwarsa a 1934. Garin yana ƙarƙashin Togo ta Jamus a lokacin, kuma jami'in mulkin wurin, Adam Mischlich, ya yi karatun Hausa a wurinsa, ya karɓi rubuce-rubuce masu yawa daga hannunsa. Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma fitar da tarin tatsuniyoyi a 1929. A cikin gida, Frank Edgar ya tara nasa kundi uku tsakanin 1911 da 1913 daga rubutun malamai, yawancinsu na yankin Sakkwato, A. J. N. Tremearne kuma ya buga tatsuniyoyi 100 cikin Ingilishi a 1913, har da ta Auta da Dodo. Sai dai duk waɗannan littattafai an yi su ne domin Turawa. Matan da suka riƙe tatsuniyar ba su san an buga ta ba, kuma da yake maza ne suka rubuta, waƙoƙin da ke tsakiyar labari da kwaikwayon muryar Dodo sun zama busassun layuka a takarda.

Akwai wata ƙofa ta biyu da abin al'ajabi ya shigo ta cikinta, wato littattafan Larabci da ke hannun malamai. Daga nan aka samu biranen da aka sihirce, da zoben da ke kiran aljani, da sarakunan aljanu masu runduna, da jarumin da ke ratsa tekuna bakwai. Dare Dubu da Ɗaya ya shiga Hausa tun farkon zamanin boko, kuma hikayar Saifu ɗan Ziyazan ta daɗe tana yawo a zaure kafin a buga ta. Bori ma ya ba da nasa: birnin Jangare, da iskoki masu suna da hali da dangantaka, kowane da abin da yake so da abin da ke fusata shi. Zongon Lome yana zaune ne a tsakiyar ƙasar bodu, wato bautar gargajiya ta yankin, inda kasuwar kayan tsafi ta Akodesewa ta yi suna, kuma abin ban sha'awa shi ne maƙwabta ma suna kallon arewa a matsayin tushen asiri. A cikin bautar ƙabilar Ewe akwai reshen da ake kira Gorobodu, wanda sunansa ya fito daga kalmar goro, kuma ana danganta iskokinsa da mutanen arewa. Kowa dai dodonsa daga garin wani yake zuwa.

Ƙagaggen labari na boko ya fara ne da gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. Biyu daga cikin littattafan da suka fito daga gasar sun tsaya da ƙafafunsu a duniyar al'ajabi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, jarumin ya fita neman ruwan magani ne saboda ɗan sarki da ba shi da lafiya da kuma wulaƙancin da aka yi wa mijin uwarsa, tafiyar ta kai shi har hannun aljanu. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa na gaske, sannan ya tsallaka ƙasashen aljanu da dodanni. Magana Jari Ce, wanda ya fito kundi uku daga 1937, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa. A shekarun 1950 aka samu Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Sihirtaccen Gari na Ahmadu Katsina, a 1969 kuma Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Duk labaran maza ne masu fita neman suna. Mace a cikinsu kyauta ce ko tarko.

Turai ta bi wata hanya dabam zuwa wuri mai kama da wannan. Abin da ake kira labarin gotik ya fara ne a Ingila da The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764, Ann Radcliffe ta ƙarfafa shi a 1794, sannan Frankenstein ya zo a 1818, Dracula a 1897. Kayan aikinsa tsohuwar fada ce mai ɗakunan da aka kulle, da la'anar da ke bin zuriya, da budurwar da aka kai gidan mutumin da ba ta san sirrinsa ba. Wanda ya san labarin amaryar Dodo zai gane gidan tun daga ƙofa. Bambancin shi ne, a can tsoro yana zaune ne a cikin gini da gadon dukiya, a Hausa kuwa yana daji da kufai da ɗakin kishiya. Haka kuma marubutan Turai na baya sun mayar da dodon kansa abin so, tafarkin da labarin kyakkyawa da dabba na Faransa ya share tun 1740, alhali tatsuniyar Hausa ba ta yarda a zauna lafiya da Dodo ba. Wannan salo bai iso wa mai karatun Hausa ta littafi kai tsaye ba. Ta allon silima ya zo, musamman finafinan Indiya da aka daɗe ana nunawa a Kano da sauran birane, irin su Nagin na 1976, labarin macijiyar da ke rikiɗa mace tana ɗaukar fansar mijinta.

Soyayya ta zama jigo mai cin gashin kanta ne daga 1980, lokacin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo da Yasir. Ba a jima ba tattalin arzikin Nijeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, suna cikin waɗanda suka buɗe wannan kasuwa, wadda masana suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Littafin ɗan siriri ne, takardarsa mai araha, an raba labarin kashi na ɗaya da na biyu da na uku, kuma ana yanke kowane kashi daidai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba. Wanda ba shi da kuɗin saye yana karɓar haya, littafi guda ya zaga gida biyar kafin bangonsa ya cire.

A gefen littattafan soyayya zalla, wani reshe ya tsiro wanda masu karatu ke kira littattafan yaƙi ko na aljanu. Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro sun yi suna wajen abin tsoro da al'ajabi, Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya kawo hikayar Malikussaifi, wato Saifu ɗan Ziyazan, cikin Hausa, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma ya cika kasuwa da labaran sadaukai da bokaye. A nan ne igiyoyin uku, wato dodo da tsafi da soyayya, suka haɗu. Ana kafa labarin a wani zamani mai nisa, a birnin da babu shi a taswira. Boka ko matsafi ya sace gimbiya, ko ya nemi jinin wata yarinya don cika sharaɗin tsafinsa, jarumi ya ratsa dazuzzuka masu suna, kowane da dodonsa. Marubutan sun warware matsalar addini ta hanya mai sauƙi: tsafi yana aiki a labarin, amma na mugu ne, kuma yana karyewa idan ya gamu da addu'a. Raunin da ya fi damun wannan reshe shi ne maimaici, domin daji na bakwai bai cika bambanta da na uku ba sai a yawan kawunan dodon.

Ɗan'uwan tatsuniya bai ɓace ba a wannan sabon gida, rikiɗa ya yi. Da yake auren zumunci abu ne sananne, jarumar littafin zamani takan kira masoyinta Yaya, domin sau da yawa ɗan baffanta ne ko ɗan goggonta da suka tashi gida ɗaya. Mai ceto da mai aure, waɗanda tatsuniya ta raba, sun zama mutum guda. Dodo shi ma ya shigo gari: ya zama attajirin da ke da ɗaki a kulle a gidansa, ko ɗan ƙungiyar asiri da aka nemi ya ba da wanda ya fi so, ko aljanin da ya auri yarinya yana kashe duk mai neman ta. Sammu da kurciya da farraƙu sun maye gurbin duwatsun Auta. Masu wa'azi da hukuma ba su bar abin ya wuce shiru ba. An kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, daga baya ikonta ya kai ga littattafai, kuma a 2007 gwamnatin jihar ta ƙona wasu littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata.

Rabon Zongon Lome a wannan tarihi ya bi ta kunne fiye da ido, kuma dalilin a fili yake. Harshen makarantar gwamnati a Togo Faransanci ne, harsunan ƙasa biyu da aka zaɓa a 1975 kuma su ne Ewe da Kabiye. Yaron Zongo yana jin Hausa a gida da kasuwa da wurin wa'azi, yana koyon baƙaƙen Larabci a makarantar allo, amma ba a koya masa karatun Hausar boko a aji, da ƙa'idojinta da haruffanta masu lanƙwasa. Littafin Kano yakan iso a cikin kayan 'yan kasuwa ta hanyar Legas da Kwatano, sai dai fim ya fi shi saurin shiga gida. Masana'antar finafinan Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta koma ga tatsuniya tun da wuri, kamar yadda kamfanin Sarauniya ya yi da Daskin da Riɗi, labarin saurayin da ya ɓoye cikin mummunar siffa har sai an faɗi sunansa. Kaset ya ba wa faifai wuri, faifai ya ba wa katin waya, aka kuma ƙara da finafinan Indiya da aka fassara da murya cikin Hausa.

Daga wajen 2010 zuwa yau kasuwar littafin takarda ta ja baya sosai a Kano kanta. Marubuta, waɗanda mafi yawansu mata ne, sun koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana karanta farkon kyauta, a biya kuɗi kafin a ga sauran. Wasu kuma suna karanta littattafan da murya su ɗora a YouTube, labari guda ya ɗauki sa'o'i masu yawa, kamar yadda gidajen rediyon Kano da Kaduna suka saba karanta littafi kashi-kashi. Wannan ya cire shingen rubutu ga Hausawan Lome da Kumasi da Kwatano, domin mai sauraro ba ya buƙatar sanin bambancin ka da ƙa a takarda. Mace tana tuyar ƙosai ko tana ɗinki a Agoe-Zongo, waya na gefenta, muryar wani daga Kano tana karanta mata yadda ƙanwar amarya ta tura ƙofar ɗakin da aka hana buɗewa.